Gwajin Jinin Tunjere: Shaida Ɗaya Ba Ta Yanke Hukunci

A cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da wuya a sami wadda ta kai tunjere iya ɓuya. Ciwon sanyi yakan tona kansa cikin 'yan kwanaki da zafin fitsari, har mai shi ya rasa sukuni ya tafi neman magani. Shi kuwa tunjere sai ya shiga jiki, ya nuna 'yar alama kaɗan, sa'an nan ya kwanta shekara da shekaru, mai ɗauke da shi yana zuwa ofis, yana zuwa makaranta, yana harkokinsa, ba shi da labari. Saboda haka ne likitoci suka fi dogara ga gwajin jini wajen gano shi, bisa ga abin da ido ya gani ko abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa.

Maganar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum miliyan 8, 'yan shekara 15 zuwa 49, suka kamu da wannan cuta, kuma jarirai wajen 700,000 suka ɗauke ta daga iyayensu mata tun suna ciki. Gwajin jini na 'yan mintoci da allura ɗaya sun isa su ceci mafi yawan waɗannan jarirai. Amma gwajin nan da ke ceton rai, shi ne kuma wanda idan aka yi masa gurguwar fahimta yakan raba aure, ko ya ɓata sunan wata baiwar Allah wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba. Don haka ya kamata duk wanda ya iya karatu ya san abin da takardar gwajin ke faɗa, da kuma abin da ba ta da ikon faɗa.

Yadda cutar ke ɓuya

Ƙwayar da ke kawo tunjere siririya ce ƙwarai, a murɗe take kamar igiyar da aka tufka, masana suna kiranta Treponema pallidum. Idan ta shiga jiki, bayan kamar mako 3 sai wani miki ya fito a inda ta shiga, yawanci a gaba, wani lokaci a baki ko a dubura. Mikin ba shi da zafi, kuma yakan warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6 ko ba a sa masa kome ba. A jikin mace sau da yawa yakan fito ne daga ciki, inda ita kanta ba za ta gan shi ba.

Bayan wasu makonni sai mataki na biyu ya biyo baya: ƙuraje marasa ƙaiƙayi a jiki, har da tafin hannu da tafin ƙafa, da zazzaɓi, da kaluluwa, da zubewar gashi. Su ma sukan ɓace da kansu. A nan ne mutum yakan ɗauka ya warke, ya gode wa saiwar da ya sha ko kafson da ya saya a kemis, alhali cutar ta shiga ɓuya ne kawai. Wasu takan bar su haka har ƙarshen rayuwarsu. Wasu kuwa, bayan shekara 10 ko 20 ko fiye, sai ta taso ta kama babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko laka, ko ido, ta jawo shanyewar jiki, ko makanta, ko taɓin hankali.

A duk tsawon shekarun ɓuyan nan babu abin da likita zai duba ya gani. Har ila yau ƙwayar ba ta yarda a rene ta a ɗakin gwaje-gwaje kamar sauran ƙwayoyin cuta. Sai a 2018 ne wasu masana a Amurka suka iya raya ta na dogon lokaci a wajen jikin dabba, wannan ma aikin bincike ne, ba na asibiti ba. Abin da ya rage ke nan shi ne a nemi sawunta a cikin jini.

Daga hantar jarirai zuwa zuciyar sa

A 1905 ne Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka fara ganin ƙwayar da madubin likita a birnin Balin na ƙasar Jamus. Shekara ɗaya bayan haka, a 1906, August von Wassermann da abokan aikinsa, Albert Neisser da Carl Bruck, suka fito da gwajin jini na farko. Dabararsu ita ce, duk lokacin da cuta ta shiga jiki, jini yakan ƙera wasu sojoji na musamman don yaƙar ta. Idan aka haɗa ruwan jinin mutum da wani abu na ƙwayar cutar, aka ga sojojin sun kama shi, to an san sun taɓa gamuwa. Da yake ba su iya renon ƙwayar ba, sai suka tatso ruwa daga hantar jariran da tunjere ya kashe, domin hantar cike take da ƙwayoyin.

Gwajin ya yi aiki, amma ba don dalilin da suka zata ba. Ba a daɗe ba wasu masana suka gano cewa ko da an tatso ruwan daga naman dabba mai lafiya, wadda ba ta taɓa sanin tunjere ba, musamman zuciyar sa, sakamakon ɗaya ne. Watau sojojin da gwajin ke kamawa ba ƙwayar kanta suke nema ba. Sai a 1941 wata masaniya a Jihar Niyok ta Amurka, Mary Pangborn, ta ware ainihin sinadarin daga zuciyar sa, wani irin maiƙo ne da aka raɗa wa suna kadiyolifin. Irin wannan maiƙo yana cikin naman jikin kowa. Idan cuta ta ɓarnata nama sai ya fito, jini ya ƙera masa sojoji.

A kan wannan tushe aka gina gwaje-gwajen da suka biyo baya. Akwai gwajin Kahn na shekarun 1920, wanda tsofaffin malaman asibiti suka sani. A 1946 aka fito da VDRL, haruffan farko na sunan ɗakin binciken cututtukan saduwa na gwamnatin Amurka inda aka ƙirƙiro shi. Shi VDRL sai an ɗumama ruwan jinin, an kuma duba shi da madubin likita. Daga baya aka sauƙaƙa shi ya zama RPR, wanda ake yi a kan farin kati: a ɗiga ruwan jini, a ɗiga ruwan gwaji mai ɗauke da garin gawayi, a jujjuya minti 8. Idan jinin ya amsa, sai a ga gawayin ya dunƙule ɗigo-ɗigo da ido ƙiri-ƙiri.

Shaidu biyu

Daga wannan tarihi ne babbar matsalar ta samo asali. VDRL da RPR kamar mai shaida ne wanda ya ga ƙofa a ɓalle, ya ga kaya a warwatse, amma bai ga fuskar ɓarawo ba. Gaskiya ne an yi ɓarna, amma ba tunjere kaɗai ke yin irinta ba. Zazzaɓin cizon sauro yana iya sa jini ya amsa. Haka kuma kuturta, da tarin fuka, da wasu cututtukan hanta, da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jiki, da tsufa, da allurar rigakafin da aka yi kwanan nan. Juna biyu ma kansa yana iya sa haka. A ƙasa irin Nijeriya, inda kusan kowane gida ke fama da zazzaɓin sauro a damina, ba abin mamaki ba ne a sami mai ciki wadda RPR ɗinta ya amsa alhali ba ta da tunjere.

Saboda haka masana suka shiga neman shaida na biyu, wanda ya san fuskar ɓarawon. A 1949 Robert Nelson da Manfred Mayer suka yi gwajin farko da ke amfani da ƙwayar kanta, wadda ake reno a jikin zomo. Yana da wuya, yana da tsada, sai aka ci gaba da gyara har aka sami FTA-ABS a 1964, sa'an nan TPHA da TPPA, da kuma na'urorin zamani masu gwada jini da yawa a lokaci ɗaya. Waɗannan da wuya zazzaɓin sauro ko juna biyu ya ruɗe su.

Amma shi ma shaida na biyu yana da nasa rauni: ba ya mantuwa, kuma bai san lokaci ba. Da zarar ya amsa, a jikin mafi yawan mutane haka zai ci gaba da amsawa har mutuwa, ko da an yi magani an warke sarai shekara 30 da suka wuce. Ba ya iya bambanta cutar jiya da ta ƙuruciya.

To, sai an haɗa bakin shaidun nan biyu ake samun magana. Idan dukansu suka amsa, to akwai cutar, ko an taɓa yin ta ba a daɗe ba, sai likita ya bincika tarihin magani. Idan RPR ya amsa, TPHA bai amsa ba, mafi yawa ruɗu ne daga wata cuta dabam. Idan TPHA ya amsa, RPR bai amsa ba, ko dai tsohuwar cuta ce da aka riga aka yi wa magani, ko wadda ta daɗe ƙwarai a ɓoye, ko kuwa sabuwa ce ƙal. Idan duka biyu ba su amsa ba, mafi yawa babu cutar, sai dai in ba a daɗe da ɗaukarta ba, domin jini yana bukatar makonni kafin ya ƙera sojojinsa. Wanda ke da miki sabo, ko ya san ya yi saduwar da yake shakka, ya kamata ya koma a sake gwaji bayan wasu makonni, a kuma maimaita a wata na 3.

Ma'anar lambobin da ke kan takarda

Sau da yawa takardar RPR ko VDRL takan zo da lamba kamar 1:4 ko 1:32. Abin da ake yi shi ne a riƙa sirka ruwan jinin da ruwan gishiri, ana ninkawa: 1:2, 1:4, 1:8, 1:16, 1:32, har a kai inda ya daina amsawa. Lambar da aka rubuta ita ce sirki na ƙarshe da ya amsa. Lamba mai girma takan nuna cutar na kan ganiyarta. Amsar ruɗu kuwa yawanci ba ta wuce 1:8.

Babban amfanin lambar yana bayan magani. Idan ta sauka ninki huɗu, alal misali daga 1:32 zuwa 1:8, cikin wata 6 zuwa 12 ga sabuwar cuta, to magani ya ci. Tsohuwar cuta takan ɗauki lokaci fiye da haka, wasu kuma lambarsu takan tsaya ƙasa-ƙasa ba ta ɓace ba, ko da sun warke. Idan kuwa ta sauka sa'an nan ta sake hawa ninki huɗu, alama ce ta an sake kamuwa, domin tunjere ba kamar ƙyanda ba ne da ake yi sau ɗaya a huta. Wannan ya sa ya kamata majiyyaci ya adana takardunsa kamar yadda yake adana takardar shaidar makaranta, ya kuma riƙa komawa ɗakin gwaji ɗaya, domin lambar RPR da ta VDRL ba sa daidaita da juna.

Akwai kuma wani abin mamaki: wani lokaci sojojin sukan yi yawa ƙwarai a jini har su toshe gwajin, ya fito kamar babu kome. Ƙwararren ma'aikaci ya san idan alamu sun bayyana a jiki amma kati ya yi shiru, sai a sirka jinin a sake gwadawa. Idan kuma ana zaton cutar ta kai ƙwaƙwalwa, ruwan laka ake ɗiba a yi masa VDRL.

'Yan uwan tunjere

Akwai wani abu kuma da ko shaidun biyu sun haɗa baki ba sa iya warwarewa. Ƙwayar tunjere tana da 'yan uwa na jini waɗanda ba ta hanyar saduwa ake ɗaukarsu ba. Ɗaya ita ce mai kawo cutar fata da ƙashi da likitoci ke kira yoz, wadda yara ke ɗauka wurin wasa a ƙasashe masu laima, har yau ana samunta a Gana da Kamaru da Kodebuwa. Daga 1952 zuwa 1964 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi gagarumin yaƙi da ita a ƙasashe 46, har da Nijeriya, aka yi wa mutum wajen miliyan 50 allura. Ɗayar kuma ita ce bejel, ta ƙasashe masu bushewa, wadda aka sani a yankin Sahel kamar Nijar da Mali da Burkina Faso, yara sukan ɗauke ta ta baki, wurin shan ruwa a ƙwarya ɗaya.

Wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan yana yaro, jininsa zai amsa gwajin tunjere yana babba, babu gwajin jinin da zai iya bambanta su. Ke nan takardar da ta amsa ba hujja ba ce a kan halin mutum. Ko tunjeren gaske ne ma, takardar ba ta faɗin ranar da aka ɗauka, ba ta faɗin wanda ya kawo shi gida. Mace tana iya ɗauka daga mijinta na yanzu, ko daga na da, miji kuma yana iya zuwa da shi tun daga samartaka bai sani ba.

Mai ciki da abin da ke cikinta

Inda gwajin nan ya fi tsada shi ne wurin awon ciki. Ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta shiga jikin ɗan tayi, kuma idan ba a yi wa uwa magani ba, fiye da rabin irin wannan ciki yakan ƙare da ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jaririn da zai mutu cikin kwanakin farko, ko wanda zai rayu da cutar, da kumburarriyar hanta da saifa, daga baya kurumta ko makanta. A cikin cututtuka masu yaɗuwa da ke sa a haifi ɗa ba rai a duniya, zazzaɓin sauro ne kaɗai ke gaban tunjere. Matar da ke ta haihuwa 'ya'yan suna komawa, wadda ake cewa tana wabi, ana kai ta wurin wannan da wancan, ya kamata gwajin nan ya kasance cikin abubuwan farko da za a yi mata.

Maganin kuwa sananne ne tun 1943, lokacin da John Mahoney ya nuna a Amurka cewa fenisilin na kashe ƙwayar, kuma har yanzu ba ta gagare shi ba. Irin wanda ake amfani da shi shi ne benzatin fenisilin, mai daɗewa a jiki, awo miliyan 2.4 a allura ɗaya ga sabuwar cuta, ko sau 3 mako-mako ga wadda ta daɗe ko ba a san farkonta ba. Don a tsare jariri, sai an yi wa uwa allurar aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, kuma gwargwadon saurin yi, gwargwadon amfaninta. Matar da ba ta fara awo ba sai cikinta ya kai wata 8, ta riga ta yi asarar watannin da suka fi muhimmanci.

Yanzu akwai gwajin nan-take, wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini a kan ɗan tsinke, a sami amsa cikin minti 15 zuwa 20, ba wutar lantarki, ba firiji. Akwai ma wanda ke gwada ƙanjamau da tunjere a ɗigo ɗaya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 a fara da shi wurin awon ciki. Wannan gwaji daga jinsin shaida na biyu yake, watau ba ya bambanta tsohuwar cuta da sabuwa. Duk da haka Hukumar ta ce a wuraren da babu ɗakin gwaji kusa, idan ya amsa a yi wa mai ciki allura nan take a ranar, kada a ce ta je ta dawo. Dalili kuwa a fili yake: allurar da aka yi wa wadda ta riga ta warke ƙaramar asara ce, jaririn da aka rasa saboda jiran takarda ba ya dawowa. Ke nan shaida ɗaya ta isa a yi magani, amma ba ta isa a yi zargi ba.

Magani kuma ba ya cika sai an haɗa da miji, in gida mai mata biyu ko uku ne har da abokan zama, in ba haka ba sai a yi ta ɗaukar cutar ana mayarwa. Ƙasar Kyuba ce ta fara samun shaidar Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2015, cewa ta kawar da yaɗuwar tunjere da ƙanjamau daga uwa zuwa ɗa. Sharaɗin samun wannan shaida shi ne mata masu ciki 95 cikin 100 su je awo, 95 cikin 100 na waɗanda suka je a gwada su, 95 cikin 100 na waɗanda aka samu da cutar a yi musu magani.

Gwaji amana ne

Tarihin wannan gwaji yana da baƙin shafi da bai kamata a manta ba. A 1932 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta tara baƙaƙen fata 600 a yankin Taskigi na Jihar Alabama, 399 daga cikinsu gwaji ya nuna suna da tunjere. Ba a gaya musu sunan cutar ba, sai aka ce jininsu ne ya gurɓace. Aka yi ta ɗibar jininsu shekara 40 don a ga yadda cutar ke cin mutum, ko bayan fenisilin ya samu aka hana su. Sai a 1972 'yan jarida suka tona asiri aka tsayar da aikin, a 1997 kuma Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin ƙasarsa. Darasin shi ne, duk wanda aka ɗebi jininsa yana da haƙƙin a gaya masa abin da ake nema, a gaya masa abin da aka samu, a yi masa magani, a kuma rufa masa asiri.

Mutanen da ke riƙe da takardun gwajin jini sai ƙaruwa suke yi. Mai ba da gudummawar jini ana gwada jininsa don tunjere tare da ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu. Wasu ƙasashen waje suna neman gwajin kafin su ba da izinin aiki. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, abin da ya sa takardun asibiti ke shiga hannun waliyyai da iyaye waɗanda ba aikinsu ba ne fassara su. Ma'aikacin gwamnati ko ɗalibi, wanda sau da yawa shi ake miƙo wa takarda a gida a ce ya karanta, nauyi ne a kansa ya san iyakar saninsa. Kada ya yanke hukunci, ya tambaya wane irin gwaji aka yi, an tabbatar da na biyu ko ba a yi ba, sa'an nan ya mai da maganar gaban likita.

Ga hukuma kuma, aikinta a bayyane yake: kowane asibitin sha-ka-tafi da ake awon ciki ya kasance yana da tsinken gwaji da allurar benzatin fenisilin a wuri ɗaya, a rana ɗaya, da ungozomar da aka koya wa yin duka biyu, wadda kuma ta iya yi wa miji bayani ba tare da ta tada husuma a gidansa ba. Magidanta su ma su bar matansu su fara awo tun cikin bai wuce wata 3 ba, in an kira su asibiti su amsa kira. Rigakafi dai, an ce, ya fi magani.